Yashin da Muka Ɗauko da Ka

Wa ya janye ƙayar nan? Na tsufa, idona ya dushe, haƙorana sun zube, har yau ban sami wanda zai faɗa mini ba. Ƙayar magarya ce da muka shinge tudun yashi da ita a bakin tafkin ƙauyenmu, domin kififiya ta sami inda za ta binne ƙwanta. Wani ya sa hannu ya ja ta gefe, ya buɗe wa mota hanya. Kuma ba baƙo ba ne, don daga titi ba a hangen tudun, tsamiya ta kare shi, sai wanda ya san da shi. Mutumin nan ya ci tuwona. Ya yiwu ma yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar mijina.

Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, to a rubuta yadda na faɗa.

Ƙauyenmu yana bayan Mamudo, in an sauka daga titi an ɗan taka. Mijina mai haƙar rijiya ne, haka ubansa, haka ƙaninsa. Kusan rabin mazan unguwarmu da diga da igiya suke ci. Malam nake ce masa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya da yawan magana, in ya fito daga rijiya idanu kawai za ka gani a cikin laka.

Akwai al'adar da na tarar a gidansu. In an gama sabuwar rijiya, ko an yashe tsohuwa, sai a je tafki a ɗauko kififiya guda a zura ta a cikin guga. A yarenmu tana da nata suna, da Hausa kuwa kififiya, kunkurun ruwa ke nan. Tana cinye tsutsa da 'ya'yan sauro da duk ƙwaron da ya faɗa, ruwa ya zauna garau. Amma ba kyauta tafki yake bayarwa ba, aro ne. Da an ga hadarin farko, wanda ya zura ta shi zai sauka ya fito da ita, ya mai da ta gida ta yi ƙwai tare da 'yan'uwanta. Ba ma cin ta, ba ma sayar da ita. Malam yakan dawo da su a jiƙaƙƙen buhu a bayan kekensa, ya tsuguna a bakin ruwa yana sakin su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "An gode, a gai da gida." Ni kuwa in yi ta yi masa dariya.

Bayan shekarun fari tafkin ya fara mutuwa. Iska da ruwan gonaki suka yi ta zuba masa ƙasa har ya koma kamar faranti, tun ba a gama girbi ba ya ƙafe. Ita kififiya in ruwa ya ƙafe takan nutse cikin laka ta kwanta ta jira damina. To lakar ta koma bushewa da wuri tana tsagewa, wadda ta shiga ba ta ƙara fitowa. Masu buga bulo sukan tono su a mace. A shekarun da aka ba mu jiha abin ya kai Malam ya gama rijiya, ya je tafki, ya rasa wadda zai ara.

Ya sami mai unguwa ya ce a kira gayya a yashe tafkin. Ba don kififiya aka yarda ba, gaskiya. Masu awaki suna son wurin shayarwa, mu mata mun gaji da tafiya nesa wanki. Amma dai an yarda. Kafin a sa diga, Malam ya bi lakar da sanda yana tsokanawa a hankali, inda ya ji tauri ya tona da hannu. Waɗanda ya samu da rai ba su cika kwando ba. Ya kawo su gida muka zuba a fasasshiyar randa da ɗanyar laka a bayan rumbu, kullum da safe in yayyafa musu ruwa.

Ban taɓa ganin gayya kamar wannan ba. An zo da ganga, maza sun tuɓe riguna, mu kuma muna tuƙa tuwo a manyan tukwane har hannu ya daina jin muciya. Mutanen da ba sa ga maciji da juna a kan iyakar gona, ranar suna miƙa wa juna kwando. Na yi murna. Ina faɗar wannan ne don kada a ce tun farko baƙin ciki nake da mutanen nan. Na so su.

Sai dai ba wanda ya tsaya ya tuna su wane ne suke haƙar. Masu rijiya ne. Hannunsu bai san gangare ba, tun suna yara abin da aka koya musu shi ne bango ya sauka sak. Haka suka haƙa tafkin. Har gasa suke yi a ga ɓangaren wa ya fi miƙewa, ƙanin Malam yana bi da igiya da dutse a ɗaure yana gwadawa, inda ya ga tudu ya sa a shafe da shebur. Jar ƙasar da suka fitar kuwa suka jibge ta a gabas, daidai kan tsohon gangaren yashi inda kififiya take hawa tun zamanin kakanni. Malam da kansa ya kira ni ya nuna mini.

Ya ce, "Dubi bangon nan. Ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya hau."

Na ce, "Aiki ya yi kyau, Malam."

Ruwa ya sauka, tafki ya ɗauka, muka kai kififiyar randa muka sake. Da lokacin ƙwai ya yi sai muka ga abin da muka aikata. Suna ta zagaya bango suna karta da farce, wata ta hau kamar taƙi guda ta faɗo da baya, ta juyo ta sake. Tun ana dariya har aka daina. Malam ya shiga ruwa ya riƙa fito da su da hannu yana ɗorawa a kan jar ƙasar. Su yi ta tono da ƙafafun baya, ƙasa kamar dutse, su gaji su gangara su faɗa ruwa. Daga baya muka riƙa hango ƙwai fari-fari a ƙasan ruwa a gindin bango, sun zubar don ba yadda za su yi, tarwaɗa tana bi tana haɗiyewa.

Malam ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Rijiya muka haƙa musu." Ranar bai ci tuwo ba.

Da rani ya dawo ya sake zuwa wajen mai unguwa. Wannan karon sai da aka sha magana. A dandali in ya wuce sai wani ya ce, "Ungozomar kififiya, yaya masu jego?" Wani ya ce, "In an yi suna a aiko mana da goro." Shi dai ya ce, "Mu muka ɓata, mu za mu gyara." Kunya ce ta fito da su, don kowa ya ga abin da bangonsa ya yi. Suka fasa ɓangaren gabas suka kwantar da shi ya zama gangare, suka jawo wani busasshen kututture suka jefa rabinsa a ruwa don su sami wurin shan hantsi. Saura yashi. Yashi kuwa yana can a busasshen rafi, da nisa, jakunan gari ba su da yawa, masu su kuma suna kai itace Potiskum. Maza suka ce su sun yi nasu.

Ni na bi gida-gida. Na ce, "Ku da kuke wanki a tafkin nan, ku fito da kwanoninku." Suka fito kuwa, Allah ya sani sun fito. Mukan tashi bayan mun ɗora sanwa, kowace da kwano da gammo, mu bi layi kamar tururuwa. Wanda bai taɓa ɗaukar yashi a ka ba bai san nauyi ba. Ruwa yana motsi, itace yana da inda za ka gyara shi, yashi kuwa zama yake yi a tsakiyar ka kamar an dasa. Gashin tsakar kaina a wannan ranin ya zube, bai sake fitowa ba. Maƙwabciyata tana da tsohon ciki, muka ce ta zauna, ta ce a'a, a zuba mata rabin kwano. Muna tafe muna waƙa muna zagin mazanmu da miƙaƙƙen bangonsu. In kin juye kwanonki a bakin tafki sai ki ga kamar ba ki zuba komai ba. Amma ya taru. Kafin bazara ta ƙare tudu ya kai ƙugu, faɗinsa kamar masussuka. Malam ya saro magarya, muka ja ƙaya muka zagaye shi ta ɓangaren tudu saboda awaki da karnuka da guza, muka bar ɓangaren ruwa a buɗe. Mai unguwa ya yi shela cewa ba mai shiga.

Wata rana da la'asar, bayan an ɗauke ruwa, Malam ya leƙo ya ce, "Taso, kada ki yi magana." Muka laɓe a gindin tsamiya. Sai ga ta ta fito daga ruwa, babba, bayanta duk gansakuka. Ta hau gangaren a hankali, tana tsayawa tana ɗaga kai. Ta zaɓi wuri, ta jiƙa shi da fitsarinta, ta shiga tono da ƙafafun baya, wannan ta ɗebo wannan ta watsar. Ta zuba ƙwanta, ta rufe, ta daddanna da cikinta har wurin ya koma kamar ba a taɓa ba, sannan ta juya ta koma ruwa ko waiwaye babu. Sai na ji Malam ya riƙe mini wuyan hannu. Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa riƙe ni a waje ba sai ranar.

Daga nan suka yi ta hawa. Duk inda aka binne ƙwai Malam yakan kafa ɗan kara a gefe, har tudun ya zama kamar gonar da aka girbe. Masu kiransa ungozoma su ma sukan zo su leƙa ta kan ƙaya, su ce, "Kai, ashe da sauransu."

A lokacin Potiskum gini ake yi ko'ina. Da damina kuwa rafi ya kawo ruwa, masu tifa ba su da inda za su ɗebi yashi. Mu ba mu kawo wannan a ranmu ba. Wani a cikinmu ya kawo.

Ranar kasuwa ce, gari ya watse. Malam yana ƙauyen gaba, an kira shi bakin wata rijiya da ta zube. Na ɗauki wanki na nufi tafki, tun daga nesa na ji ƙugin inji. Da na zagayo tsamiya sai na ga tifa ta ja da baya har cikin tudun, maza suna ta watsa shebur. Ƙayar tana gefe guda, an tara ta tsaf, gindi duk ya kalli wuri ɗaya, yadda mutanenmu suke tara ƙaya in za su sake amfani da ita. Tudun saura kaɗan. Ashe ba sawun farko ba ne.

Na yar da wankin na ce, "Kai! Kai direba! Me kuke yi haka?"

Yana zaune a inuwar mota yana cin gyaɗa. Ya ce, "Sannu Iya. Aiki muke yi."

"Wa ya ce ku ɗiba?"

"Mai wuri."

"Wane mai wuri? Da kaina na ɗauko yashin nan, kwano-kwano!"

Ya ce, "To Allah ya saka da alheri, Iya, kin iya zaɓe. Ko tsakuwa babu."

Ɗaya daga cikin masu lodi ya ɗaga shebur, gwaiduwa tana ɗiga daga bakinsa, ya ce, "Oga, har gyara aka yi mana, da ƙwai a ciki." Suka kwashe da dariya.

Na ce, "Don girman Allah faɗa mini sunan wanda ya buɗe muku."

Ya ce, "Iya, ni direba ne, ba alƙali ba. Mun zo mun tarar da ƙofa a buɗe. In kina da magana ki yi da mutanenki."

Na riƙe ƙofar motar ina kuka, na ce aƙalla ya faɗa mini inda za su kai. Ya ce unguwar Hausari a Potiskum, ginin wani Alhaji. Ya ɓamɓare yatsuna daga ƙofar, ba da ƙarfi ba, kamar yadda ake cire wa yaro wuƙa, ya ja motarsa.

Ban san yadda na kai ƙauyen gaba ba. Na leƙa rijiyar na kira shi, muryarsa ta taso daga ƙasa, "Lafiya?" Na ce, "Fito, Malam, sun kwashe." Bai tambaye ni me aka kwashe ba. Ko wanka bai yi ba, ya zura riga a kan laka, muka fita titi muka hau a-kori-kura.

'Yarmu tana aure a Hausari, ita ta nuna mana layin da ake sabon gini. Muka tarar da yashinmu a jibge a ƙofar gida. Na gane shi kamar yadda ake gane zanen da aka sace. Leburori sun kafa babbar rariyar waya suna watsa shi, mai laushi yana wucewa, ƙwan yana gangarowa gindin rariya, wani a fashe, wani da sauran kwana. Malam ya durƙusa ya cire hularsa ya fara tsincewa.

Birkila ya leƙo daga kan bango ya ce, "Baba, lafiya? Zinariya ka yar?"

Malam ya ce, "Ƙwai ne."

"Na me?"

"Na kififiya."

Birkila ya ce, "Kai, a kawo mai da albasa, Baba ya kawo mana karin kumallo!"

Mutane suka taru suna kallon tsoho da laka a wuya yana rarrafe a gindin rariya. Malam bai ɗaga kai ba. Ni ce na kasa, na ce, "Allah ya isa tsakaninmu da ku." Sai birkilan ya sauko, dariya ta bar fuskarsa, ya ce, "Iya, mu kawo mana aka yi, ba mu muka ɗebo ba. Ku tsince abinku." Ya sa aka tsai da aiki har muka gama. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta fi dariyar ciwo, don ta mai da ni gida wurin mutanena.

Cikin hula guda muka dawo da abin da ya rage. Malam ya riƙe ta a ƙirji a cikin mota yana kare ta da gwiwar hannu. Ya binne su a ɗan yashin da shebur ya bari, ya mai da ƙayar. Muka jira har kaka. Ko ɗaya bai fashe ba. Da ya tona duk sun ruɓe, ashe ƙwan kififiya in an juya shi ya mutu.

Tun a makon da aka kwashe yashin an yi zama a gindin bishiyar mai unguwa, ni ina bayan zana ina ji. Mai unguwa ya tambaya, kowa ya rantse yana kasuwa. Malam ya ce shi ba ƙara ya kawo ba, so yake wanda ya yi ya ce shi ne, a san da wa ake zaune. Sai ƙaninsa ya ce, "Yaya, yashi ne fa. Ba gona aka ci ba, ba rumbu aka fasa ba." Wani ya ce ai kififiya ba ta san an yi ba ma. Mai unguwa ya ce a yi haƙuri, a bar wa Allah, aka shafa fatiha aka tashi.

Na bi hannayen maza da kallo a kwanakin nan, ina neman karcen ƙaya. Damina ce, ana noma, ba hannun da ba shi da karce. Na zargi ƙaninsa. Na zargi mai unguwa. Na zargi mijin maƙwabciyata, wadda ta ɗauki rabin kwano da cikinta. Ba ni da shaida a kan kowa, ba zan ɗora wa kowa ba, zan je gaban Allah ba da daɗewa ba. Amma wanda ya yi abin nan ba yashi kaɗai ya ɗauke mini ba. Tun daga ranar ban sake gai da namiji a garin nan da zuciya ɗaya ba. Mutum ya ce mini sannu, ni ina kallon hannunsa.

Da rani Malam ya sake kiran gayya. Ya ce wannan karon a yamma za a yi, bayan kwazazzabo, inda mota ba ta iya zuwa. Na jiƙa gero, na daka, na tuƙa tuwo kamar na farko, na dama kunu, muka kai bakin tafki muka zauna. Hantsi ya yi, rana ta take, inuwar tsamiya ta juya. Ba wanda ya zo. Muna hango su suna wucewa ta hanyar gona, wani ya ɗaga hannu daga nesa, wani ya sunkuyar da kai. Da na bi mata, wata ta ce mini ta kan danga, "Yaya, maigida ya hana." Wata ta ce, "Ni wuyana ba na tifa ba ne." Ban ga laifinta ba. Abin da ya ƙona ni shi ne mazan, da suke cewa wa zai yi wahala a sake kwashewa, alhali mai kwashewar yana zaune a tsakiyarsu yana gyaɗa kai. Na dawo da tuwon gida a ka, ya kwana ya yi tsami.

Na ce, "Malam, a haƙura mana."

Ya ce, "Waɗanda suka rage tsofaffi ne. In ba su yi ƙwai bana da baɗi ba, shi ke nan."

Na ce, "Mu ma ai tsofaffin ne."

Ya yi murmushi ya ce, "Shi ya sa muka san zafin abin."

Muka fara mu biyu. Shi yana fasa bangon yamma da diga, ni ina ɗauko yashi, in ya gaji da diga ya ɗauki buhu ya bi ni. Hanyar yamma ta fi nisa, sai an sauka kwazazzabo an hau. Dama yana da tari irin na masu rijiya, wanda ƙurar ƙasa take bari a ƙirji. A wannan ranin tarin ya sauka ƙasa. Yakan tsaya ya dafa diga ya yi ta yi har ya durƙusa, in ya tofar ya sa ƙafa ya rufe don kada in gani. Na gani. Mutane suna wucewa suna cewa, "Sannu da aiki," ba wanda ya taɓa cewa, "Kawo in karɓe ka." Ƙaninsa ya zo sau ɗaya ya tsaya a kan bango ya ce, "Yaya, kana kashe kanka a kan abin da ko gode maka ba zai yi ba." Malam ya ce, "Shekara nawa suna gyara mana ruwa, wa ya gode musu?"

Ya gama gangaren, sannan ya faɗi. A bakin kwazazzabo na same shi zaune, buhu a gefe, ya kasa tashi. 'Yarmu ta zo ta kai shi asibiti a Potiskum, aka ba shi magani, aka ce ya huta. Ya dawo ya kwanta, bai sake fita ba. Ni na ci gaba da ɗauka, don in na zauna sai ya yi ta kallon ƙofa. In na dawo ya ce, "Ya kai ina?" In ce ya kai idon sawu. In ce ya kusa ƙwauri. Wuyana ya kumbura har ba na iya juya kai, sai in juyo da jikina duka.

Ya rasu ana gab da saukar ruwa, hadari yana ta haɗuwa a gabas yana watsewa. Gari duka ya zo. Mutanen da suka kasa taka ƙafa zuwa bakin tafki sun iya haƙa kabari, sun haƙa shi da kyau kuwa, bango sak.

Ni kuma na shiga takaba. Daidai lokacin da kififiya take hawa, ina ɗaki a zaune da carbi. Tudun yamma ba shi da ƙaya, ban kai ga shinge shi ba. Duk wanda ya shigo gaisuwa na roƙe shi, na ce magarya tana nan kusa, aikin yini ɗaya ne. Kowa ya ce, "In sha Allahu, Iya." Ranar da na fita takaba ban je gidan kowa ba, tafki na nufa. Sun hau. Sun sami ɗan yashin nan da bai kai gwiwa ba, sun yi ƙwai a ciki. Ga ramuka a tone, ga ɓawo a warwatse ya bushe, ga sawun guza da jan wutsiyarsa ko'ina. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

'Yata ta ɗauke ni ta dawo da ni Hausari, nan nake har yau. An ce mini tafkin yana nan, awaki suna sha, mata suna wanki, amma an daɗe ba a ga kan kififiya ya ɓullo ba. Masu rijiya sun daina aro. Ba na tambaya kuma.

A zaman makokin Malam ƙaninsa ya matso bakin ƙofa ya ce ko Yaya ya bar wasiyya, ko ya ambaci wani. Na ji yadda muryarsa take, na ji yadda mazan da ke bayansa suka yi tsit. Na ce bai ambaci kowa ba. Ba ƙarya na yi ba. Maganarsa ta ƙarshe ba tasu ba ce, shi ya sa ban ba su ba.

Da safe ne, ranar da ya rasu. Na ba shi kunu ya kurɓa kaɗan, na gyara masa matashi, na naɗe gammo na ɗauki kwano zan fita. Na kai bakin ƙofa na ji ya yi gyaran murya, na juyo da jikina duka. Ya daɗe yana kallon wuyana. Da ya yi maganar na ajiye kwanon, na zauna, ya sa hannunsa a kan nawa, bai ƙara cewa komai ba har la'asar da Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya ce shi ne:

"Ajiye kwanon nan, baiwar Allah. Yau kam su jira. Zo ki zauna kusa da ni."